Kujerar Melitiana a Tsakiyar Majalisa

Melitiana Tausi ta daɗe tana aikin ungozoma a tsibirin Nukutala kafin jama'a su tura ta majalisar ƙasa. Kowane tsibiri wakili biyu yake turawa, kuma abokin tafiyarta a wannan zangon Penitala ne, ɗan ƙanen mahaifinta, wanda ta goya yana jariri. Abu ɗaya dattawa suka ɗora musu: katangar da za ta tare teku, don ruwan gishiri ya shiga ramukan gwaza, amfanin yana ruɓewa tun a ƙasa.

Wakilan majalisar su goma sha shida ne. In aka cire shugaban majalisa, saura goma sha biyar, saboda haka mutum ɗaya ya isa ya kayar da gwamnati. A shekara ta biyu 'yan adawa suka kai takwas, har da Melitiana da Penitala, suka shirya kayar da gwamnatin da ta yi watsi da maganar katanga. Da aka tafi hutu ita ta koma gida, shi ya zauna a babban birni.

Lokacin zama ya matso, jirgin ruwan gwamnati bai zo Nukutala ba. Aka ce a rediyo injinsa ake gyarawa. Shinkafa ta ƙare a kanti. Ga kuma Seleta, matar wani masunci, da cikinta ya tsufa, ɗan ya kwanta a karkace, asibitin birni kaɗai zai iya da ita. Melitiana ta gaji da jira, ta sa mijin ya cika kwalekwalensa da mai, suka shimfiɗa Seleta a kan tabarma suka faɗa teku. Naƙuda ta kama ta a hanya. Melitiana ta yi duk abin da ta sani, igiyar ruwa na watsa musu gishiri a ido. Uwar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba.

Suna shiga tashar jiragen ruwa ta babban birni ta hango jirgin gwamnati a ɗaure, lafiyarsa ƙalau, ma'aikata na kamun kifi daga bayansa.

Daga asibiti ta wuce majalisa da rigar da ta sha ruwan teku. Tana shiga ta ga Penitala a ɓangaren gwamnati, da sabon muƙami: ministan sufuri. Ya taso da sauri ya tare ta a bakin ƙofa.

"Yaya, ya aka yi kika zo?"

"Ya ka so in zo? Kai ka tsare jirgin?"

Ya sunkuyar da kai. "Sun yi mini alkawarin katangar. Daga ciki zan fi iya yi mana aiki. Jirgin kuwa, wallahi ba na son in ɗaga musu hannu wurin ƙuri'a kina kallona ne."

"Kunyata ka ji?" Muryarta ta cika zauren. "Don kada in ga hannunka, ka bar mutanenka ba abinci ba magani? Ɗan Seleta a kan cinyata ya zo a mace, a tsakiyar teku. Je ka faɗa wa ubansa kunya ce ta kama ka!"

Shugaban majalisa ya buga tebur. "Mai girma wakiliyar Nukutala, ki zauna."

"Ranka ya daɗe, na zauna a kwalekwale har ƙafafuna suka mutu. Yau a tsaye zan yi magana."

Aka kaɗa ƙuri'a, gwamnati ta tsira da takwas da bakwai. Penitala ya ɗaga hannu idonsa na kan takalminsa. Ita kuwa aka dakatar da ita har ƙarshen zaman, wai ta ci mutuncin majalisa.

Shekara ta zagayo ba a sauke ko dutse ɗaya a Nukutala ba. Sai ga Lotoala, jagoran 'yan adawa, ya same ta yana fara'a.

"Albishirinki, 'yar'uwa. Ƙaninki zai dawo mana. Muƙamin mataimakin firaminista kawai yake so."

"Kun kuma ba shi?"

"Haba, siyasa ce. Mutum ɗaya muke nema, ko wane ne."

"Ko wane ne," ta maimaita. "Da ni da shi duk ɗaya ne a wurinku, hannu ne kawai."

Penitala ya dawo, gwamnati ta faɗi. Ranar da sabuwar gwamnati ta hau, aka ajiye wa Penitala wuri a gefenta. Melitiana ta ɗauki kujerarta ta ja ta, ƙafafun suna kurza daɓe, ta dasa ta a filin da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Aka yi dariya, wani ya ce ta zama tsibiri. Ba ta kula shi ba.

A nan ta ƙare zangon. Ba tare da ita ba kowane ɓangare bai da tabbas, sai suka riƙa zuwa lallashi, ita kuma ba ta sayar da hannunta don muƙami ba. Abin da ta iya ƙwata shi ne doka guda: minista ba shi da ikon soke tafiyar jirgi zuwa tsibirai sai majalisa ta yarda. Katangar ba a gina ta ba. Da zaɓe ya zo, Nukutala ta sake turo su biyun, ita da Penitala, kuma har suka sauka a birni ba ta amsa gaisuwarsa ba.