Giwayen Motar Mutinda

Shekara goma sha tara muna gareji ɗaya da Nzioka a unguwar Grogan, ni ina buga bodi, shi yana fesa fenti. Duk matatu, wato motar haya, da ka gani a hanyar Machakos da zaki a jikinta kamar zai yi gurnani, to hannunsa ne. Fentin nan kuma shi ya cinye masa ƙirji. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce in bai ajiye bindigar fenti ba, da wuya ya ga damina biyu.

Ana haka wata cibiyar masu zane ta nemi wanda zai koyar da ɗalibai, aikin fensir da takarda, babu warin fenti. Sharaɗinsu ɗaya, mutum ya kawo fayil na hotunan ayyukansa.

"Hotuna?" in ji Nzioka. "Su fito titi mana su gani. Makafi ne?"

Na ce, "Wane titi, tsoho? Ina zakinka na bara? Yana ƙarƙashin fuskar wani ɗan ƙwallo."

Mai mota ba ya barin zane ya shekara. Da ya ga ta wani ta fi sheƙi, sai a kankare a sake, kuma Nzioka da hannunsa ya shafe rabin aikinsa bai taɓa ɗaukar hoto ba. Kwana huɗu muna bin tasha-tasha, abin da muka samo ƙofar mota ɗaya ce mai tsatsa da aka kare akurkin kaji da ita.

Shi kuwa ya san inda hoto ɗaya yake, a ƙasan akwatin matarsa Kavata. Jarida ce ta shekara shida baya. Mota kwance a kwari, giwaye uku da ya yi wata guda yana zanawa suna nan ko ƙwarzane babu, gefe kuma an jera gawarwaki an lulluɓe. Direban kuwa Mutinda ne, ƙanin Nzioka, bai kuma fita da rai ba.

"Baban Wanza, ka ji tsoron Allah," Kavata ta ce wa mijinta. "Wannan za ka kai musu?"

"To me zan kai, uwar gida? Tarina?"

Ya sa almakashi ya yanke gawarwakin, ya manna giwayen a farar takarda. Fayil ɗin ke nan gaba ɗaya, shafi ɗaya. Wallahi ban zaci za su kalla ba, sai ga shi sun ɗauke shi.

Ranar da zai fara aiki na raka shi, ya sa kwat ɗin coci. Shugabar cibiyar ta tarye mu a ƙofa da fara'a.

"Baba Nzioka, mun yi maka ba-zata. Mun nemo asalin hoton wurin wanda ya ɗauka, babu yanka."

Sun faɗaɗa shi ya cika bangon zaure, daga ƙasa har rufi. Giwayen sun yi kyau, ba na musu. Amma abin da a jarida ɗigo ne kawai, nan ya fito sarai: hannu ya leƙo daga ƙarƙashin mayafi na uku, ƙaramin yatsan guntule. Ƙofar mota ce ta datse wa Mutinda shi tun yana kwandasta. Ɗalibai na tsaye gaban hoton suna shan shayi, ɗaya yana yaba yadda haske ya faɗo. Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wa zan zaga, don matar da zuciya ɗaya ta yi.

Nzioka ya tambaya ko akwai wata ƙofar shiga aji. Aka ce babu, sai ta zauren.

Kwana uku ya iya. Ranar Alhamis ina ƙarƙashin wata mota na ji tarinsa a kaina.

"Ina ka ajiye bindigata?"

"Za ta kashe ka, Nzioka."

"Na sani. Can kuma kullum sai na wuce ta gabansa sau biyu, kamar ban san shi ba."

Na fito na buɗe loka na miƙa masa.