Ƙasar Sawun Danda

Laraba, ashirin da uku ga watan Oktoba, 1968, ƙarfe shida saura kwata — na duba agogo, shi ya sa na sani — lokacin ne ka fita daga gidan nan, Danda. Ba a ji harbi ba, ko kare bai yi haushi ba. Amma mu a lokacin ne yaƙin ya same mu.

Gero ya bushe a tsaye. Ka ce a Katsina ana ɗaukar soji, akwai tuwo, akwai takalmi. Yaƙin Najeriya, can kudu. Na ce ba ƙasarmu ba ce, ba faɗanmu ba ne. Ka sunkuyar da kai: Baba, Lauratu na da ciki, rumbu kuma ka gani...

Uwarka Furera ba ta yi kuka ba. Sai da ka wuce rijiya ta durƙusa a bakin ƙofa, ta kwashe ƙasar sawunka na dama da tafin hannu, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ta ƙulle a tsumman zane. Ta ce muddin ƙasar tana cikin gida, ƙafar da ta taka ta za ta dawo neman ta. Ba ta taɓa kiran sunanka ba, ɗan fari ne kai. "Wancan yaron." Har bara da ta cika, wancan yaron. Ta danƙa mini ƙullin — kada ya bar ɗakin nan, Malam.

Ga shi a hannuna, shekara ta shida ke nan ba labarinka. Bai kai nauyin goro ba.

"Baba, ka tashi mu tahi, rana na yi. Ƙadri maƙwabcinmu ya ɗaure wa jaki kaya."

Lauratu ce, matarka. Ta rame, Danda, wuyanta kamar kara. Binta tana riƙe da zanenta, ƴarka, mai goshinka. Gari duk ya tashi saboda yunwa. An ce tun da soji suka karɓi mulkin ƙasarmu watan jiya, manyan motocinsu na kawo dawa har garin Mayahi. Soji kuma... Su suka ɗauke ka, su ke rabon dawa. Ba waɗancan ba ne, na sani, na sani. Amma kakin iri ɗaya ne a idona.

In na tafi da ƙullin, na saɓa wa Furera. In na bar shi na tafi, wa zai buɗe maka ƙofa?

A lakwal, makarantar boko, Mompera limamin coci ya karanta mana labarin ƴaƴan Adamu. Mutum biyu, dutse ɗaya, guda ya kashe guda. Aka tambayi guda, ina ɗan'uwanka? Da sauƙi, akwai wanda za a tambaya. Ni wa zan tambaya? Sarjan ɗin da ya auna ƙirjinka? Shi ma an aiko shi. Wanda ya aiko shi? An ce manyan yaƙin sun yi sulhu, sun rungumi juna, rediyo ya yi kiɗa. To tun farko me ya hana? Maƙerin bindigar, can bayan teku, ya ci abincinsa ya kwanta? Girgijen da ya wuce garinmu Kanan-Bakashe bai tsaya ba... astagfirullahi. A'a. Ban faɗa ba.

Kai ma ka harba ko? Kai da ba ka iya yanka kaza sai ka kau da kai. Wanda ka auna — yana da uwa. Ƙasarsu laka ce, an ce. Yaya ta yi ta ɗebi sawunsa? Wataƙila a ganye ta naɗe. Wataƙila yanzu haka tana zaune a bakin ƙofa kamar ni, tana tambayar wane ɗan arewa ne... Da zan gan ta, da na gaishe ta. Ba mu jin harshen juna. Sai dai in nuna mata nawa ƙullin.

"Baba, don Allah."

Ki yi gaba, ƴata, ku sami dawa. Ki riƙe hannun Binta a hanya. Zan biyo ku. Ta san ba zan biyo ba. Ta durƙusa — me take yi? — tana kwasar... a'a, Lauratu, matafiyi ake ɗebar wa, ni ba inda zan... Nata sawun ta kwasa. Da na yarinyar. Ta zuba mini a gefen riga, ta juya, ba ta waiga ba.

Tsumman Furera ya tsufa, yana yoyo. Tun yaushe? Ƙasarka, tasu, ta tsakar ɗaki — ban iya rarrabewa, idon ya gaji.

Ƙarfe bakwai da minti goma. Waɗanda suka rage a gari: Jaji makaho da ƙanwarsa Zara'u. Liman Isufu, ya ce ba ya barin kaburbura. Akuyar Baƙo da ta ƙi tashi. Ni. Da sawu uku.