Warin Tafarnuwa a Ɗakin Ƙasa

Kakana yana cikin masu riƙe igiya a yaƙin duniya na farko. Idan za a ɗaga balan-balan ɗin leƙen abokan gaba, dogon nan da ake rataya wa kwando mutum ya shiga da madubin hangen nesa, su ne ke danne shi har a ɗaura shi jikin injin. Hoto ɗaya ya bar mana, shi da abokansa sun yi cirko-cirko a ƙarƙashin abin kamar tururuwa a gindin kabewa. Daga hoton nan ciwon tara hotuna ya kama ni. Da na ajiye tuƙin motar 'yan makaranta, babu kasuwar tsofaffin kaya tsakanin garuruwan Albert da Péronne da ba na zuwa tonon kwalaye, ina neman hotuna da katunan gidan waya masu balan-balan. Matata Solange cewa take ta auri mutum ya rikiɗe ya zama gara.

Lokacin cire dankali ne wani dillali ya raɗa mini cewa Firmin Hennebique, wani manomi da ke gefen ƙauyen da ke gaba da namu, ya rasu, ya bar hotunan da ba wanda ya taɓa gani. Solange ta ce za ta raka ni, don kada in kwaso mata shara.

Da hantsi muka isa. Matar marigayin, tsohuwa ce 'yar firit mai dogara sanda, ta ba mu kofi, sannan ta kai mu zauren da ake ajiye kayan gona. Ta nuna wani murfin katako a ƙasa.

"Nan ne fadarsa," ta ce. "Tun da muka yi aure bai bar ni na leƙa ba. In na yi magana ya ce kayan maza ne."

"Iya, me ya yi ajalinsa?" Solange ta tambaya.

"Tari, 'yar nan. Da wasu ƙuraje a hannu da suka ƙi warkewa. Asibiti kuwa ko da faɗa ba ya zuwa."

Ni hankalina yana kan murfin. Na ɗaga shi, na kunna tocila, na bi tsani na sauka.

Ɗakin ƙasan dogo ne, ginin bulo, ga sanyi ga danshi. Kantoci ne na katako jikin bango tun daga ƙasa har sama, an lulluɓe su da tsofaffin buhuna. Akwai wani wari da na ɗauka na tafarnuwa ce da aka adana ta ruɓe. A kan teburi na tarar da akwatin ƙarfe, na buɗe, sai da na zauna. Ba katunan da aka buga dubbai ba ne, hotuna ne na hannu da wani soja ya ɗauka da kansa. Ga balan-balan ana hura shi a bayan wani coci da ya rushe. Ga wani ya kama da wuta a sama, ga mutum ya diro daga kwandon, laimarsa ba ta gama buɗewa ba. A wani kuma matashi ne a cikin kwando, wayar tarho a kunne, yana kallon mai ɗaukar hoton kamar yana roƙon a sauko da shi.

"Kai, Aurèle! Ka mutu ne?" Solange ta ƙwala daga sama.

"Na shiga aljanna dai!"

"To in ka gama ka dawo, akwai wanki."

Sai na hangi akwati na biyu, irinsa sak, a cushe ƙarƙashin wata kanta daidai ƙirjina. Na sa tocilar a baki, na kama hannunsa na ja. Ya ƙi. Na ƙara ƙarfi. Ya fito gaba ɗaya, ya suɓuce ya faɗi can gefe, sai na ji katakon kantar ya sauko. Ashe ƙafarta ta ruɓe, akwatin ne ke tokare da ita. Ban san lokacin da na tura kafaɗata ƙarƙashi ba.

Nauyin ya kusa durƙusar da ni. Buhun ya zame ya faɗi, wasu abubuwa suka gangaro, ƙarfe yana bugun ƙarfe, suka tsaya dab da kunnena.

Harsasan igwa ne, manya, tsatsa ta cinye su, kowanne da kan da ke tayar da shi a ɗaure. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san su. Ragowar yaƙin nan ne, garma ce ke tono su, a jingine a bakin gona masu kwance bam su zo su kwashe. Firmin bai taɓa jingine nasa ba, gida yake kawowa. Na juya ido na dubi sauran kantocin, na ga yadda buhunan suka yi tudu-tudu har ƙarshen ɗakin.

Wani abu mai sanyi ya bi katakon ya shiga hannun rigata. Baƙi-baƙi ne, mai maiƙo. Daga jikin harsashin da ke kusa da ni yake tsatsowa, daga nan warin yake. A nan na tuna abin da kakana ke faɗa, cewa gubar da ake ɗura wa irin harsasan nan ba ta zafi lokacin da ta taɓa ka. Sai ka koma gida ka ci abinci tukuna.

Na tofar da tocilar. Ta faɗi tana haska bango.

"Solange." Na kira ta ba tare da na motsa ba. "Ki fitar da Iya. Ku yi nisa. Ki kira 'yan kwana-kwana ki ce harsasai ne, akwai mai guba yana yoyo."

Na ji ta ce, "Fito mana."

"In na motsa za su zubo."

Na ji takunsu sun fita, na ji tana magana a waya can nesa. Ni kaɗai na rage, da ɗigar abin nan a kan bulo. Gwiwata ta hagu ta soma rawa. Duk rawar da ta yi sai harsasan su amsa da ɗan ƙara. Na riƙa jan numfashi kaɗan-kaɗan ta gefen baki, idona ya fara yaji kamar an watsa yashi. Tari ya taso mini, na haɗiye shi, hawaye na zuba. Na yi tunanin gidajen da ke jere bayan katangar, da makarantar da na yi shekaru ina sauke yara a ƙofarta.

Tsanin ya yi ƙara. Na ga takalman Solange suna saukowa. Ta naɗe fuska da jiƙaƙƙen gyale, jak ɗin motarmu a hannu, itacen wuta a hammata.

"Koma! Don Allah ki koma!"

"Rufe mini baki. Sun ce suna hanya, masu bam kuma daga nesa za su taso. Kai da ko buhun dankali ba ka iya ɗauka, su za ka jira?"

Ta durƙusa a gabana ta jera itacen, ta ɗora jak. Ta cusa ƙarfen juyawar.

"Ta wane gefe?"

"Dama. A hankali. Kada ki taɓa ruwan nan."

Jak ya hau, ya taɓa katako. Itacen ya gurɗe, harsashi ɗaya ya mirgino ya dafa kumatuna. Mu duka muka daina numfashi. Sanyinsa har cikin haƙorina. Ta gyara itacen da gwiwa, ta ci gaba da juyawa, tana kiran sunayen 'ya'yanmu ƙasa-ƙasa. Nauyin ya riƙa barin kafaɗata. Na zare jiki, katakon ya yi ƙara, ya tsaya.

Ban san yadda muka hau tsanin ba. A tsakar gida ta yayyage mini riga da almakashin lambu, ta tuɓe ni tsirara a gaban tsohuwa, ta sakar mini ruwan tiyo mai ƙanƙara. A haka 'yan kwana-kwana suka same mu.

Kafin la'asar hannuna ya tashi ƙululu-ƙululu daga wuyan hannu har hammata, idanuna suka kumbura suka rufe. A gadon asibiti nake jin labari: an kwashe rabin ƙauyen, an kai su kwana a zauren wasanni, masu kwance bam sun yi fiye da mako suna fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Hotunan duka guba ta jiƙa su, aka haɗa aka ƙone. Solange ta tsira da ƙuna a gwiwa da dashewar murya. Ni idona ya buɗe, amma har yau in na hau bene sai na tsaya hutu.

Ranar da aka cire mini bandejin ido, Madam Hennebique, matar marigayin, ta zo da 'yarta, wadda za ta tafi da ita birnin Amiens. Ta zauna ta daɗe tana kallon hannuna.

"Irin nasa ne," ta ce. "Ni nake shafa masa man shanu a kai."

Sai ta ci gaba.

"Jikokina a kan murfin nan suke tsalle da igiya duk hutu. Yana zaune yana kallonsu, yana dariya." Ta juyo ta dube ni. "Malam Aurèle, kai ma mai tara kaya ne. Gaya mini, ya san abin da ke ƙasan, ko bai sani ba?"

Na ce, "Ya sani, Iya."

Ta gyaɗa kai, ta miƙa wa 'yarta hannu ta tashe ta.