Ƙullin Bahago

Tun ranar da aka kawo gawar Alhaji Sodangi gidansa na unguwar Minanata, haƙarƙarin matarsa Hajiya Nuriyya bai sake taɓa katifa ba. A zaune take barci, in ma za a kira wannan barci. Takan jingina da bango a kan darduma, carbi a hannu, kai ya fara rinjaya, sai ka ga ta zabura ta dafe wuyan hannunta na dama tana waige-waige. Lokacin takaba kowa ya ce baƙin ciki ne, zai wuce. Takaba ta ƙare, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, Hajiya tana nan jikin bangonta, idanu sun faɗa, zani ma sai ta yi masa ɗauri biyu yake zama.

'Yarta Shamsiyya, wadda ta baro ɗakinta a Tudun Wada ta dawo zama da ita, ba dabarar da ba ta gwada ba. An sha rubutu, an sha ƙwayar asibiti. Yayan Shamsiyya, Abdulshakur, ya aiko da katifa daga Abuja, irin wadda aka ce likitocin ƙashi ne suka tsara ta. Ko ledarta ba a cire ba Hajiya ta sa aka kai wa wata maƙwabciya mai jego.

"Inna, don Allah mi ag gare ki?" Shamsiyya ta tambaye ta wata rana, ta gaji da kewaye-kewaye. "In ba ki hwaɗa min, ki hwaɗa ma likita."

"Lahiyata lau. Kwanan na ba ni so."

Gaskiya ta faɗa, barcin ne ba ta so. Dalilin kawai ta riƙe a cikinta.

Alhaji Sodangi fataucin fata ya yi duk rayuwarsa, shi da ƙaninsa Illo, jar fatar akuya wadda ake ɗaurewa dami-dami a loda wa mota. Alhaji mutum ne mai ban haushi ta fuska ɗaya: ba ya iya sa kowa wahala. Sai ya kwana da ƙishirwa ga randa a bakin ƙofa, don kada ƙarar moɗa ta ta da wani. Da ciwon zuciya ya kayar da shi, muryarsa ta koma kamar ta mai raɗa, Hajiya ta san in ta biye masa sai ya mutu a gefenta bai ce uffan ba. Sai ta samo dabara. Ta ɗauki wani tsohon mayafinta mai ruwan ƙasa, ta ɗaura baki ɗaya a wuyan hannunsa, ɗaya a nata. Ko juyi ya yi, ta ji. Ko tari ya taso masa, kafin ya fito ta miƙe da ruwa a hannu.

"Hajiya ta ɗaure akuyarta," yakan ce wa masu zuwa dubiya, yana ɗaga hannu su gani.

"Akuya mai tsinke igiya kuwa," takan mayar masa.

Da wannan mayafin suka tafi Indiya. Watanni suka yi a can, shi a gadon asibiti, ita a kan wani benci mai tauri a gefensa, mayafi ya ratsa tsakani. Ma'aikatan jinya sun yi dariya har sun gaji sun saba. Barcinta duk na tsawon lokacin nan bai wuce na kaza ba. Daga ƙarshe likitoci suka ce sun yi iyakar yinsu, ya koma gida ya huta cikin iyalinsa. Ba yara ba ne su biyun, sun gane abin da ake nufi.

Abdulshakur ne ya ce ba za su dawo a takure ba, ya yankar musu kujerun gaba, waɗanda 'yan boko ke kira bizines. Hajiya ta yi faɗa a waya, ta ce almubazzaranci ne, ai jirgi ɗaya ne, na gaba da na baya tare za su sauka. Amma da ta shiga ta gani sai faɗan ya ƙare. Kowa da ɗan lungunsa kamar akurki, ga filo, ga bargo mai laushi, ga wani gajeren allo tsakaninta da Alhaji wanda ake iya saukewa. Ta sauke shi, ta fito da mayafi, ta ɗaure su kamar kullum. Ƙaramar baƙar jakarsa ta magunguna kuwa ya cusa ta a gefen kujerarsa, ya ce a nan yake son ta.

Bayan an ci abinci an rage fitilu, wata ma'aikaciyar jirgi, yarinya doguwa mai fara'a, ta zo ta danna wani abu. Kujera ta yi ta zamewa a hankali har ta miƙe sambal ta zama gado. Ta shimfiɗa mata 'yar katifa a kai, ta ba ta abin rufe ido da wasu 'yan soso na toshe kunne, tana nuna mata da hannu yadda ake yi.

"Ki kwanta, Hajiya," in ji Alhaji. "Ga ni ɗaure. Ina za ni cikin sararin Allah?"

Ta ce bayanta kawai za ta miƙe. Ta sa soson don kada ta kunyata yarinyar. Gurnanin jirgi ya koma can nesa, sanyi daidai, bargo daidai, ba ƙarar na'urar asibiti, ba warin magani. Ba ta ƙarasa addu'ar kwanciya ba.

Ba ta taɓa yin barci mai daɗin wannan ba, ko tana budurwa a ɗakin uwarta. Wannan shi ne abin da ta kasa yafe wa kanta. Da a ce wahalallen barci ne, na gajiya da mugun mafarki, da da sauƙi. Amma barci ne mai zaƙi, wanda ya ratsa ƙashi, har ta farka tana murmushi lokacin da aka dafa kafaɗarta. Ta ɗaga abin rufe ido ta ga yarinyar nan durƙushe a gabanta, ido ya yi ja. A bayanta wani fasinja Bature ya naɗe hannun riga, ashe likita ne. Kujerar Alhaji a shimfiɗe take, an ja masa bargo irin nata har ya rufe kai. Sun daɗe a kansa, sun yi ta danna ƙirji, sun yi duk abin da ake yi, taku ɗaya daga inda take, ita ko gezau. Ta fizge mayafin daga hannunta ta yar, ba ta ko kalli inda ɗaya bakin yake ba. Sauran tafiyar har Abuja a zaune ta yi ta, hannunta a kan bargonsa.

A zaman makoki tambaya ɗaya mata suka yi ta yi mata, don ita ce tambayar da ake yi. "Ya samu kalmar shahada dai ko? Ke kika laƙƙana mai?" Takan ce, "Alhamdu lillahi," ta sunkuyar da kai, su kuma su ce kai, ya yi dace, ya cika a hannun matarsa. Ita kaɗai ta san ba a hannun kowa ya cika ba. Kuma ta tabbata a ranta ya ja mayafin nan. Dole ya ja. Wane ne zai ji mutuwa ta taso masa, ga matarsa ɗaure da shi, bai ja ba? Ya ja, ya sake ja, muryar ba ta fita, ita tana can kunne a toshe. Shi ya sa yanzu da zarar ido ya rufe sai ta ji an ja wuyan hannunta, ja biyu a hankali, irin nasa. Ta farka, ba kowa, sai fanka na juyi.

Wata ranar Laraba bayan Azahar, rana ta take har kwalta na narkewa, Illo ya zo daga Unguwar Rogo don a fitar da tufafin mamaci a raba. Ya daɗe yana ɗaga zancen saboda halin da take ciki. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar baranda, Shamsiyya tana fito da kaya, shi yana warewa: manyan riguna nan, huluna nan. Hajiya tana zaune gefe, ba ta sa hannu ba.

Can Shamsiyya ta fito da baƙar jakar nan, wadda Abdulshakur ya jefa saman kwaba tun ranar jana'iza. An nannaɗe ta da mayafi mai ruwan ƙasa. Hajiya ta gane mayafinta nan take. Shamsiyya ta warware mayafin, sai baki ɗaya ya ƙi rabuwa da hannun jakar. Ta sa farce, ta sa haƙori, ta yi tsaki.

"Wa yay yi wanga ɗauri haka? Bari in ɗauko almakashi."

"Tsaya," in ji Illo. "Miƙo nan."

Ya ɗora jakar a cinya ya daɗe yana juya ƙullin da babban yatsa. Tsoho ne mai surutu, wanda ko a makabarta sai ya samu abin faɗa, amma sai da ya share ido da hannun riga kafin ya yi magana.

"Wanga ƙullin Yaya na."

"Ma'aikatan jirgi dai," Hajiya ta ce. "Su sunka kwance mai shi da suna danna mai gaba."

"Hajiya, wane ma'aikacin jirgi? Ƙullin damin hwata na, wanda Baba yak koya muna. Zagaye biyu, a maida wutsiya ta ƙasa. Ni nawa dama yaka kwantawa. Duba wanga, hagu yak kwanta. Duk kasuwa mutum guda ka yin shi haka, don shi ɗai na bahago." Ya ɗaga kai ya dube ta. "To mi yas sa shi ɗaure mayahinki ga jikka?"

Nan Hajiya ta faɗa musu. Ba ta yi kuka ba, ta dai zayyana komai tiryan-tiryan, tun daga soson kunne har bargon da aka ja masa, da jan da take ji a hannu. Shamsiyya ta toshe baki da gefen zani. Illo ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga jakar ya jinjina nauyinta.

"Bai ja ki ba, Hajiya. Kwance kai nai yay yi, yaɗ ɗaura ga wagga, don in kin motsa ki ji nauyi ki ce shi na. Kuma wanga ƙulli ba a yin shi a gigice. Ni da lahiyata sai na natsu nika yin shi. Ya ji abin tahe, ya san ko mi na." Ya ajiye jakar a gabanta. "Mutumin da yas samu hankalin yin wanga, kina jin ya mance da Ubangiji nai?"

Shamsiyya ta zaci uwarta za ta yi hamdala. Ba ta yi ba. Haushi ne ya fara zuwa, haushi mai zafi irin wanda ba ta ji ba tun yana da rai. Ta dubi jakar kamar shi ne zaune a wurin.

"Ka kyauta, Alhaji. Watanni ina tsaronka, ran guda nir rumtse ido kas sulale. Ni ba ni da hakkin in riƙe maka kai? Wa yac ce maka kwana nika so?"

Illo ya kai hannu zai ja wutsiyar ƙullin, don ja ɗaya ake yi masa ya warware. Ta buge hannun.

"Bar shi yadda yab bar shi."

Bayan La'asar, Illo ya tafi da ƙunshin riguna a bayan babur, Shamsiyya tana kicin. Hajiya ta ɗauki jakar ta shiga ɗakin Alhaji ta turo ƙofa. Tsohuwar katifarsu tana nan da lotsawarta biyu. Ta cusa jakar tsakanin katifa da bango, ɓangaren da yake kwana, ta ɗaura ɗaya bakin mayafin a hannunta. Ta daɗe zaune a bakin gado, don tsoro take ji ƙwarai. Sannan ta kwanta a gefen dama, ƙasusuwan bayanta suna ƙara ɗaya bayan ɗaya.

Ta jira a ja ta. Fanka na juyi, wani mai gyaran takalmi ya wuce a layi yana buga akwatinsa. Ba a ja ba. Sai ita ta ɗan ja, kamar yadda takan yi a asibiti in ta farka tana son ta san yana nan. Mayafi ya miƙe, nauyi ya amsa daga can gefen.

A nan ta tuna. Ta taɓa jin wannan nauyin, shi ɗin nan, maras ɗumi, maras motsi. A cikin jirgi, can tsakiyar barcin nan mai daɗi, ta ɗan farka sau ɗaya, ido a rufe, ta ja mayafin. Ta ji an riƙe. Ta ce a ranta, yana nan, ta gyara filo ta koma.

Hawaye ya gangara ta gefen ido ya shige mata kunne. Ta sake ja, nauyin ya sake amsawa. Ta bar hannunta a miƙe wajen bango, ta soma addu'ar kwanciya daga farko, a hankali, kuma wannan karon sai da ta kai ƙarshenta.