'Yan Tsakin Merv

"Rufe ƙofar nan, Glenys, za ki kashe min yara!"

Na tura ƙofar da ƙafa, na ajiye masa miyar da na kawo. Maƙwabcina Merv Triffitt yana durƙushe gaban murhu, hannunsa cikin kwalin 'yan tsaki, tari na jijjiga shi. A garinmu Bothwell ba mai ƙyanƙyasa a watan Yuli, tsakiyar hunturunmu, lokacin da ruwan akurki ke kwana ya daskare.

"Tsoho, ka kasa jiran bazara ne?"

"Ita za ta jira ni?" Ya ɗago ɗaya. "Dubi kansa. Ƙaramin zanko, sanyi ba ya cin sa. Masu dogon zankon nan na 'yan gayu, hunturu ɗaya sai ki ga ya yi baƙi ya guntule."

Tun rasuwar matarsa yake haɗa irin nan, kaji masu kaurin gashi da ba sa daina ƙwai ko ana zuba ƙanƙara.

'Yarsa Kerryn ta iso daga birnin Hobart da rana, ta tsaya ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Baba, likita ya ce huhunka ya cika da ruwa. Tashi mu tafi asibiti."

"Sai sun yi gashi."

"Kaji ne fa, Baba!"

"To ke da aka haife ki, gashi gare ki?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta dube ni in sa baki. Ni kuwa sai na ƙara itace a wuta.

Kullum ina zuwa da miya, ina komawa da ita. Ya daina iya durƙusawa, muka ɗora masa kwalin a kujera. Ranar da numfashi ya gagara, Kerryn ta kira motar asibiti. Suna fita da shi ya riƙo hannun rigata.

"Ruwan ɗumi za ki ba su, Glenys. Ban da mai sanyi."

Bai kai asibitin Hobart ba, a hanya ya cika.

Da safe na shiga ɗaukar kwalin. Tsofaffin kajinsa sun taru a bakin ƙofar baya, kowace ta ɗage ƙafa ɗaya daga ƙanƙara, suna kallon mariƙin ƙofar.