Kwandon Kwalaben Baba

Tun ranar da likita ta ce sai an yi wa Baba aiki a zuciya, ɗakinsa ya koma kamar shagon magani. Tsohon kafinta ne, 'ya'yansa sun watsu, kowa kuma yana so a san yana ƙaunar ubansa. Yaya Babba, 'yarsa ta fari, ta kawo ƙwayoyin tafarnuwa. Ɗansa Injiniya ya aiko da man kifi a wata kwalba mai kama da ta turare. Auta kuwa garin wani ganye ta kawo, wai ƙawarta ta rantse yana wanke jijiya. Kullum da safe waya ba ta hutawa: "Baba, ka sha wanda na kawo?" Shi kuma ya ce, "Na sha, Allah Ya yi albarka." Kuma da gaske ya sha ɗin. Bawan Allah bai iya cewa a'a ba.

Mai ganin komai da idonta ita ce matar ɗansa na tsakiya, wadda har yau ake kira Amarya, ko da yake ɗanta na fari ya kere ta tsawo. Ita ke kai masa abinci, ita ke ɗauko kwanon kamar yadda ta ajiye shi. To ina zai sa abinci, mutumin da ya cika ciki da ƙwayoyi tun da sassafe? Madarar ƙarin ƙarfi da asibiti suka ba shi don jikinsa ya iya ɗaukar aikin, tana nan jere a kan taga, ko buɗe gwangwanin ba a yi ba. Ya rame har sai da ya sa ƙusa ya ƙara huda bel ɗinsa. Rannan reza ta ɗan taɓa shi a haɓa, jinin ya ƙi tsayawa sai da ya ɓata tawul.

Ta gaya wa maigidanta. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ke dai bar su. Kin san halin Yaya."

Ranar gwajin ƙarshe kafin aiki, ita ta raka Baba asibiti. Kafin su fita ta yi ta maza, ta share kwalaben nan kaf cikin kwandon cefane, ta rufe da tawul.

Likita ta tambaya, "Baba, ban da maganin da muka ba ka, kana shan wani?"

"Ko ɗaya," in ji shi, ko a jikinsa. Shi a wajensa abin da ɗa ya kawo ba magani ba ne, kyauta ce.

Amarya ta ɗora kwandon a kan tebur, ta yaye tawul. Likita ta yi ta ɗaga kwalabe tana karantawa, fuskarta tana sauyawa. Ta ware wasu gefe guda.

"Waɗannan suna iya tsinka jini. Da mun buɗe ƙirjinsa a haka, da tsayar da jinin ya ba mu wuya. Ga shi kuma ya rame. Sai mun ɗaga aikin. Ya daina shan duk wannan, ya ci abinci, ya sha madarar."

Kafin su isa gida labari ya riga su. Yaya Babba ta kira ta wanke Amarya tas. "Wato ke kika fi mu son ubanmu? Kin sa an ɗaga aiki. To wallahi in wani abu ya same shi kafin nan, ki nemo abin da za ki gaya mana!"

Amarya ta shiga kicin ta yi kukanta ta gama. Tsoro ya kama ta sosai, don zuciyar nan ba ta san an ɗaga aiki ba. Duk lokacin da Baba ya yi tari a ɗaki sai ta saki abin da ke hannunta. Amma ba ta fasa ba. Ta riƙa kai masa abinci kaɗan-kaɗan, ta zuba madarar a kofi, ta zauna a bakin ƙofa.

"Kai, wannan abu kamar an dama alli," in ji Baba yana yamutsa fuska.

"A daure, Baba. Ba zan tashi ba sai na ga ƙasan kofin."

In 'ya'yan suka kira kuwa, sai ya ce da murya mai ban tausayi, "Ai Amarya ta ƙwace." Ka ji tsoho! Ya samu wadda zai jingina wa laifi, yana cin abincinsa hankali kwance. Sannu a hankali kumatu suka dawo. Wata safiya ta iske shi ya kifa kujerar falo yana gyara mata ƙafa.

Da aka koma, likita ta auna shi ta ce yanzu an yi magana. Aka shiga da shi. Duk 'ya'yan suka hallara a barandar asibiti, Amarya tana can ƙarshen benci, ba wanda ya ce mata ci kanki. Da likita ta fito ta ce an gama lafiya, jini bai ba su matsala ba, sai Amarya ta ɗaga hannuwa sama. Alhamdulillahi kawai take iya cewa.

Ranar da aka bari a gan shi, suka kewaye gadon, ita tana bayansu. Baba ya buɗe ido da ƙyar, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ina 'yata?"

Yaya Babba da Auta suka matso tare.

"Ba ku ba. Ku na san kuna nan."

Yaya Babba ta juya, idonta ya cika da ƙwalla. Ta kamo hannun Amarya da kanta, ta jawo ta gaban gadon.

"Ga ta, Baba." Sannan ta rage murya. "Ki yafe mini, ƙanwata. Mun gode."

Baba ya ɗora hannunsa mai ɗaure da robar ƙarin ruwa a kan nata. "Allah Ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini."

Amarya ta sunkuyar da kai tana share hawaye. Yaya Babba ce ta ce amin a madadinta.