Baƙin Fenti a Ƙarƙashin Jar Mota

Shekara ashirin da biyu Mai Taya ya yi a shagonsa na bakin babban titi, ba a taɓa kiransa macuci ba sai wata Talata da hantsi. Wanda ya kira shi kuwa Dakta ne, likitan haƙori, mai wata jar mota irin ta tsere, ƙofa biyu, 'yar ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta.

Dakta ko injin bai kashe ba ya fito, waya a ɗage yana ɗaukar bidiyo.

"Jama'a ku gan shi! Sati bakwai da na sayi tayoyin gaba a hannun mutumin nan, ku duba yadda suka koma. Tsofaffi yake wankewa ya sayar da sunan sababbi!"

Mai walda na kusa ya kashe wutarsa. Masu jiran a ba su iska suka matso. Mai Taya ya nufi motar. Ya durƙusa ya zura hannu bayan tayar hagu. Gefen waje zanenta na nan daram, gefen ciki kuwa sumul kamar tafin hannu. Ya zagaya ta dama, ita ma haka.

"Dakta, sauke wayar nan mu yi magana irin ta manya. Tayar jabu ba ta zaɓar gefe. Ko ta kumbura, ko ta tsage, ko ta cinye gaba ɗaya. Wannan motarka ce ke cin ta."

"Motata lafiyarta ƙalau!"

"To amsa min. In ka taka birki da ƙarfi, sitiyari ba ya fizgar hannunka gefe? In ka hau tudun rage gudu, ba ka jin ƙwas daga ƙasa? A miƙaƙƙen titi ba ta yawo, sai kana ta gyara mata hanya?"

Dakta ya ɗan sauke wayar.

"Lowa-am ɗinka ne," in ji Mai Taya. "Ƙarfen da ke riƙe ƙafar mota da jikinta. In robar bakinsa ta mutu, sai ƙafar ta riƙa rawa, taya ta riƙa gogar titi a karkace."

Sai Dakta ya ƙyalƙyale da dariya, ya sake ɗaga wayar. "Na kama ka! Wata biyu ke nan da aka canja min su duka biyun, sababbi fil. Bakanikena ne ma ya ce tayarka ce jabu."

Nan haƙurin Mai Taya ya ƙare. "Hau da ita kan lif mu ɗaga ta sama. In ƙarya nake, da hannuna zan rufe shagon nan yau."

Sai da aka shimfiɗa katako kafin motar ta hau, don kada cikinta ya gogu. Da ta tashi sama, Mai Taya ya shiga ƙarƙashi da tocila da ƙarfen ɓanɓarar taya. Ƙarafan biyu baƙi wuluk, suna ƙyalli kamar yanzu aka fito da su daga kwali.

Ya matso da hasken. Fentin bai tsaya kan ƙarfe ba, ya hau kan robar, ya hau kan notuna, har ya ɗiga a jikin shokazoba. Notunan kuwa babu alamar sifana ta taɓa su. Ya kankare da farcen babban yatsa, tsatsa da busasshen taɓo suka bayyana.

"Dakta, zo. Ai bidiyo kake so, ga abin ɗauka."

Ya sa ƙarfen ya ɗan banƙara, lowa-am ya motsa kusan faɗin yatsa, ya ce ƙwas. Robar duk ta tsattsage kamar faso. Ya kama tayar da hannu biyu ya girgiza, ta amsa masa.

"Ka ji? Wannan mahaɗar da ke bakin ƙafar ce, ita ma ta saki. Ran da ta fice kana tsala gudun nan naku, ƙafar ce za ta lanƙwashe a ƙarƙashinka. Ba a canja maka komai ba, wanka aka yi musu da fenti. Wane marar tsoron Allah ne ya yi maka wannan aikin?"

Muryar Dakta ta yi sanyi. "Garejin bayan gidan mai. Wanda ake ce wa Injiniya."

Mai Taya ya tsaya da tocila a hannu. Injiniya ƙanin matarsa ne. Shekara tara ya yi a gidansa yana ci yana sha, kuma Mai Taya ne ya kai shi koyon kanikanci da ƙafarsa. Mai walda ya san haka, shi ya sa ya sunkuyar da kai.

"Ƙanin matata ne," in ji Mai Taya, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ka bar motar a nan. Haƙurin da kake shirin ba ni kuma, ka bayar a gaban jama'a, inda ka zage ni."

Da azahar Mai Taya ya iske Injiniya zaune kan benci a garejinsa yana danna waya. Da ganin fuskarsa Injiniya ya miƙe.

"Yaya, lafiya?"

"Da lafiya ka gan ni a nan? Jar motar Dakta. Fenti ka shafa mata."

Injiniya ya sosa ƙeya. "Yaya, kayan motar nan sai an yi oda daga waje. Mutumin ya matsa min lamba, na ce bari in lallaɓa shi kafin su iso."

"Ka yi odar?"

Injiniya ya kawar da kai.

"Da taya ta cinye kuma, sai ka ce ta jabu ce."

"Wallahi ban san a wurinka ya saya ba."

"To da a wurin wani ne fa? Shi ba shi da mutunci? Ba shi da 'ya'yan da za a nuna a makaranta a ce ubansu ɓarawo ne? Shi kuma mai motar, ransa na banza ne? Kai, ka ba ni kunya!"

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Matarsa ta tare shi a falo, idonta ja.

"Baban yara, da ka ja shi gefe. Naka naka ne. Sai ka tona masa asiri a gaban mutane?"

"Ni a gefe aka zage ni? Shi ya tona wa kansa. Da motar ta kife da mutum, wane gefen za mu ja shi?"

Ta juya ta shige ɗaki. Kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Da aka yi odar, kayan suka iso bayan kwana goma sha ɗaya, ashe ba wani nisa gare su ba. Mai Taya ya kafa sharaɗi: a shagonsa za a ɗaura su, Injiniya da hannunsa, Dakta na tsaye. Haka aka yi. Mai Taya ya jawo kujera ya zauna, ko sifana bai miƙa masa ba. Da Injiniya ya zura notunan ya fara ɗaure su tamau mota na rataye a sama, sai ya daka masa tsawa.

"Tsaya! Sai nauyinta ya zauna kan ƙafafunta ake ɗaure na ƙarshe, in ba haka ba robar za ta murɗe, nan da wata uku ta sake mutuwa. Wannan ma sai mai taya ya koya maka?"

Injiniya ya share gumi, ya kwance notunan ɗaya bayan ɗaya.